Takalman da Baba Tsoho Ya Wasa

Sadiya, Kabiru, wannan babin naku ne, kuma ina so ku karanta shi har ƙarshe kafin waninku ya ƙara ambaton kakana. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne rigimar da kuka yi a gabana ranar sunan 'yar Kabiru. Ke Sadiya kin rubuta a waya, duniya tana karantawa, wai uwarki ta kusa zama gwana a wasan zamiya a kan ƙanƙara, wani tsoho mai tsohon tunani ya lalata mata takalma don kada 'ya mace ta yi suna. Kai kuma Kabiru ka kumbura kana cewa ai daidai ya yi, dattijo ne da ya tsare mutuncin gidansa. Ina zaune a tsakaninku, na miƙe ƙafar nan tawa mai ɗingishi. Kuna ta kumfar baki a kan mutumin da ba ku taɓa gani ba, kuma babu wanda ya faɗi daidai a cikinku. Laifin ba naku ba ne. Ni na bar ƙaryar nan ta yi girma a gidana, saboda gaskiyar ta fi ƙarfin bakina.

Ina 'yar shekara biyar Babanmu ya tafi da mu Ingila. Karatun haɗa magunguna ya kai shi, ya gama, ya zauna yana aiki a wani asibiti, a wani gari da ruwan sama ba ya gajiya. Wata rana makarantarmu ta kai mu wani ƙaton ɗaki da aka daskarar da ruwa a daɓensa, aka sa wa kowa takalma masu ƙarfe a ƙasa, aka ce mu shiga. Yara suna ta faɗuwa suna kuka, ni kuwa na tafi sumul har ɗaya bangon, na juyo ina neman a ƙara. Wata tsohuwar Baturiya mai koyar da wasan, wadda kowa yake ce wa Madam, ta bi ni har gida ta yi magana da Babanmu. Daga ranar na zama tata. Kullum bayan sallar asuba ina kan ƙanƙara kafin in tafi makaranta, na faɗi sau ba adadi, gwiwoyina ba su taɓa rabuwa da tabo ba. Ba zan yi muku ƙaryar kunya ba, na iya. Ni kaɗai ce baƙa a duk inda muka je gasa, in na fito sai ka ji wurin ya yi tsit, in na gama juyi na tsaya cak sai tafi ya ɓarke. Kofuna sun cika saman kabad ɗin Mama har tana mita wai ƙurarsu ta ishe ta.

Dole in bayyana muku takalmin, in ba haka ba ba za ku gane sauran labarin ba. Fata ce mai tauri, tana kama ƙafa har sama da idon sawu, don kada ƙafar ta lanƙwashe in an diro daga tsalle. A ƙasansa an ɗaura ƙarfe da sukurori. Wanda bai sani ba zai rantse wuƙa ce, amma ba wuƙa ba ce. Bakin ƙarfen yana da ɗan faɗi, da ɗan kwari a tsakiya, don a sami kaifi biyu, na ciki da na waje, a kansu ake karkata. A can gaba kuma akwai haƙora irin na zarto, su ake cakawa a ƙanƙara a tashi sama. In babu haƙoran nan babu tsalle.

Shekarar da na cika sha shida aka sa ni a gasar matasa ta yankinmu, wadda daga ita ake zaɓar masu zuwa ta ƙasa baki ɗaya. Tsofaffin takalmana sun saki a idon sawu, don haka aka auna ƙafata aka ɗinka mini sababbi, muka yi watanni muna jiran su. Suna isowa saƙo ya zo daga Kano cewa mahaifin Babanmu yana son ganinmu, rabonmu da gida shekara shida. Madam ta yi faɗa kamar ta ari baki, amma Babanmu ya ce uba ya kira, magana ta ƙare. Da ta ga ba makawa sai ta ce in tafi da sababbin takalman, in riƙa sa su awa ɗaya kullum ina tafiya a ɗaki, da robar da ake rufe ƙarfen da ita, don fatar ta saba da ƙafata.

Gidanmu na Mandawari kun san shi, amma ba ku san shi da wuta ba. A lokacin maƙerar Baba Tsoho tana jikin zaure, tun hantsi kana jin zuga-zugi da bugun masaba har cikin gida. Malam Garba Maƙeri sunansa, mu jikoki muna ce masa Baba Tsoho. Dogo ne, siriri, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Wuƙaƙen mahauta da askar wanzamai su ne gwanintarsa, har ana cewa in ya wasa aska, wanda ake yi wa gyaran fuska yakan yi barci. Mun iso Babbar Sallah ta gabato, mutane sun yi layi a ƙofar gida, kowa da wuƙarsa a naɗe a tsumma.

Kwana biyu da zuwanmu Mama ta yi gangancin fito da hotona na gasa. A ciki ina sama, ƙafa ɗaya a miƙe, da 'yar rigar da ake sawa. Gwaggo Asabe, ƙanwar Babanmu, ita ta fara karɓa.

"Innalillahi! Dije, ina sauran rigar? Ko tela ne ya gudu da yadin?"

Matan gidan suka yanyame ta, wannan tana salati, waccan tana riƙe haɓa. Ana cikin haka Baba Tsoho ya yi gyaran murya ya shigo, ya miƙa hannu aka ba shi. Ya daɗe yana kallo, ya nisanta shi da ido, ya matso da shi.

"Amarya, ashe haka kike yi mini? Da aurena a kanki kike tashi sama a gaban maza? Ni ina nan ina fama da wuta, matata tana can tana fama da ƙanƙara. Bari in kama takalman nan, a wuta zan sa su in huta."

Gida ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma a makare. Hausar da nake ji ta kicin ɗin Mama ce, ban san wasan kaka da jika ba, ban san cewa tsoho ba ya tsokanar jikar da bai damu da ita ba. Hoton kuma bai dawo hannunmu ba, na ɗauka ya ƙwace ne don kada a ƙara gani. Bayan kwana kaɗan ya tarar da ni a ɗakin Gwaggo ina ta kaiwa da komowa a kan takalman, ya ce in cire ɗaya ya gani. Ya zare robar, ya bi bakin ƙarfen da babban yatsansa, ya tsaya a kan haƙoran yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ta canza.

"Wa ya yi miki wannan aikin?"

Na ce, "Turawa ne, Baba."

Ya ce, "Hmm," ya girgiza kai, ya fita. Ni dai abin da na gani shi ne tsoho bai ji daɗin wasana ba.

Da Sallah ta rage kwana biyu muka tafi Kabara wurin dangin Mama, muka yi kwana huɗu, na bar jakar takalman a Mandawari. Mun dawo ana gobe tafiya, Gwaggo ta ce ta riga ta ɗaure mini kayana tsaf, kada in kwance. Ranar tafiya Baba Tsoho ya raka mu har bakin titi, ya ɗora hannu a kaina.

"Ki je ki kayar da su duka. In kin buɗe jakarki kya tuna da mijinki."

Jirgi ya yi mana jinkiri, muka isa Ingila gasa saura kwana biyu. Washegari da sassafe ina ɗakin ƙanƙara, na zauna a benci kusa da Madam, na zuge jaka. Robar nan babu ita. A madadinta kowane ƙarfe yana cikin kube na jar fata, da ɗinki mai kyau da zane a jiki. Madam ta yi murmushi, ta ce kai, wannan abu da kyau yake, ta sa hannu ta zare ɗaya. Sai na ji ta yi ƙara. Jini yana ɗiga daga yatsanta a kan bencin, ni kuwa ba yatsan nake kallo ba. Ƙarfen yana ƙyalli har ina ganin fuskata a ciki. Kwarin tsakiyar nan babu shi, an feƙe bakin ya zama kaifi ɗaya siriri irin na aska. Haƙoran gaba an goge su ƙarƙaf, wurin ya yi sumul kamar ba a taɓa yin su ba. Na juya tafin takalmin, na ga an cire sukurorin, an huda fatar an buga ƙusoshin tagulla an daddake kawunansu. Na zare ɗaya kuben, shi ma haka. Ban san na zame daga bencin na zauna a ƙasa ba sai da na ji sanyin daɓen.

Aka kira mutumin da yake gyara mana takalma a wurin. Ya jujjuya su, ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa ganin ƙarfen da aka wasa da hannu ya yi kyau haka ba, kuma takalman sun tashi daga aiki. Ko an kawo sabon ƙarfe, tafin ya huhhuje, ba zai riƙe ba. Da Babanmu ya zo ya gani, zama ya yi, ya riƙe kansa.

"Aikin Baba ne. Dije, wallahi bai sani ba ne."

"Ya sani! A gabanka ya ce zai sa su a wuta! A gabanka ya ce in na buɗe jaka zan tuna da shi!"

Ban taɓa ɗaga wa Babanmu murya ba sai ranar. Madam ta ce in janye, in jira baɗi, shekara ɗaya ba komai ba ce. Na ce zan shiga da tsofaffin takalmana. Ta ɗauko ɗaya ta lanƙwasa wuyansa da hannu ɗaya a gabana, ta ce wannan ba zai riƙe diro ba. Babanmu ya roƙe ni, Mama ta yi kuka. Na kafe. Ku lura da wannan da kyau, don shi ne abin da na daɗe ina tsallakewa in ina ba da labari: ba wanda ya tura ni kan ƙanƙarar nan. So nake in ci, in aika wa tsohon nan da hoton kofi ya gani ya ji haushi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Rabin farko na wasana ya tafi lafiya, har na fara jin tafi. Da na zo babban tsallen na caka, na tashi, na juya, na diro a ƙafar dama, takalmin ya ninke. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena kafin in ji zafin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kiɗan bai tsaya ba, yana ta yi ina kwance ina kallon ƙafata ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Sau uku aka yi mini aiki. A ƙarshe likita ya ce tafiya zan yi, da yardar Allah, amma ni da tsalle har abada.

A zamanin ba waya a hannun kowa. In ana son gaisawa da gida, kaset ake ɗauka a ba matafiyi. Ina kwance da filasta har cinya na jawo rikodar Babanmu, na sa sabon kaset, na danna. Ba zan rubuta muku duk abin da na faɗa ba, amma ba zan ɓoye kansa ba. Na ce na san da gangan ya yi. Na ce ya goge haƙoran da nake tsalle da su, ya kashe kaifi biyun da nake tsayawa a kai, ya huda takalman don kada su gyaru. Na ce ya karya ni, ya huta. Na ce kada ya ƙara ce mini amarya, shi ba maƙeri ba ne, mugu ne, kuma ban yafe ba. Na rubuta sunansa a jiki, na ba wani ɗalibi abokin Babanmu da zai tafi gida, na ce gaisuwa ce. A tunanina tsoho zai shiga ɗaki ya saurara shi kaɗai.

Bayan makonni wasiƙa ta zo wa Babanmu daga Kano. Ya karanta a tsaye, ya shigo ɗakina ya dube ni, ya fita. Daga ranar bai ƙara ce mini "bai sani ba ne" ba. Na ce a raina, ato, gaskiya ta yi halinta, tsoho ya amsa laifinsa. Shekara tana zagayowa Baba Tsoho ya rasu. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ko ƙwalla ban yi ba.

Ina da shekara sha tara muka dawo Kano gaba ɗaya. Maƙera na tarar a rufe, an jibge itace a ciki, ban ma tambaya ba. Wata rana da hantsi wata maƙwabciya ta shigo yi mana sannu da zuwa, ta ga ina jan ƙafa, ta ce me ya same ni. Na ce, "Aikin mai gidan nan ne, Allah ya ji ƙansa in ya ga dama." Gwaggo Asabe tana tankaɗe a gefe. Na ga ta ajiye rariya a hankali. Matar ta yi sallama a gurguje ta fita.

"Dije, zo nan ki zauna. Baba ya ce kada a gaya miki, na riƙe masa shekara uku. Amma ba za ki zage shi a tsakar gidansa ina numfashi ba."

Na zauna, ina shirin musu.

"Kwana huɗun da kuka yi a Kabara, kin san me ya yi? Jajibirin Sallah, mahauta sun cika ƙofar gida, ya fito ya ba su haƙuri ya sallame su duka. Tun da nake ban taɓa gani ba. Ya ce jikarsa za ta kara da 'ya'yan Turawa, sun ga baƙa ce sun ba ta ƙarfe dakusasshe, bakinsa duk giɓi, an ɗaura shi da sukurorin da yaro ma zai kwance. Ya ce, 'Ina raye za a yi wa jinina wannan cuta?' Ƙarfen nan ya yi masa taurin kai, magagari biyu ya cinye, hannunsa har jini. Ranar Sallah daga Idi maƙera ya wuce. Da ƙafa ya je wurin dukawa ya tsaya a kansu suka ɗinka kuben. Ni ya ba ni na sa a jaka, ya ce in rufe bakina, so yake ki gani a can ki yi murna. Hoton nan naki kuwa a aljihun rigarsa yake kwana. Duk wanda ya zo maƙera sai ya nuna masa, ya ce, 'Kun ga matata? A iska take tafiya.'"

Na ce, "Gwaggo, kaset ɗin fa?"

Ta karkaɗe garin da ke hannunta.

"Ke ba ki san nan ba. Kaset in ya zo daga waje, ai ba a jin sa a ɓoye. Da ya ga sunansa a jiki ya ce labarin nasara ne. Ya sa aka share ƙofar gida bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi, ya kira maƙera 'yan'uwansa, da mahauta, da liman, ya raba goro. Mu mata muna zaure. Ya sa babbar rigarsa, ya zauna a gaban rikoda, ya ce in danna."

Na toshe bakina da hannu biyu.

"Da muryarki ta fara, na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni. Ba wanda ya motsa, wani ma goro yana bakinsa ya kasa taunawa. Sai da ya ƙare kaf. Sannan ya ce in mayar baya, daidai inda kike maganar haƙora. Ya saurara sau biyu, kansa a ƙasa. Ya ce, 'Ashe haƙoran na aiki ne.' Can ya ɗago ya ce, 'Wace ƙafar ce?' Ba wanda ya sani, ba ki faɗa ba. Ya tashi ya ja ƙofar maƙera, bai ƙara hura wuta ba har ya koma ga Allah."

Na yi faɗuwa iri-iri a rayuwata, ban taɓa jin ƙasa ta kuɓuce mini kamar ranar ba. Magana zarar bunu ce, ni kuwa tawa a kaset na zare ta, aka ji ta sau biyu a gaban mutanen da suka yi shekara hamsin suna girmama shi. Abin da ya sa na yi shiru ke nan har kuka girma. In na ce bai yi da gangan ba, sai an tambaye ni to me ya faru, ni kuwa ban iya cewa ni ce ba.

Na ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Babanmu ya sani, me ya sa ya bar ni?"

Gwaggo ta share ido da bakin zaninta, gari ya shafe mata kunci.

"Shi ya hana. Liman ya ce a rubuta miki a wanke shi, ya ce a'a. Ya sa aka rubuta wa babanki cewa in ya ƙara kare shi a gabanki bai yafe ba. Na ce, Baba, haka za ka bari yarinya ta tafi da kai a matsayin mugu? Ya ce, 'Asabe, yarinya tana kwance da karyayyar ƙafa a ƙasar mutane. In ta san don ƙauna na yi, ba ta da wanda za ta ji haushi sai kanta, kuma ba za ta iya ɗauka ba. Ni na tsufa, zan iya. Ku bar mata ni.'"